Yadda Ake Haɗa Dikoda, Kwamfuta da Na'urar Gem da Talabijin ta Wayar HDMI

Talabijin da yawa a gidajenmu ba sa nuna ko rabin abin da za su iya nunawa, kuma laifin ba nasu ba ne. Mutum zai tara kuɗi ya sayi mai inci 43 ko 55, a kafe masa shi a bango, sannan ya jawo tsohuwar wayar nan mai kawuna uku, ɗorawa da fari da ja, ya haɗa dikoda da ita. Hoto ya fito dishi-dishi, ko lambar da ke bayan rigar ɗan ƙwallo ba ta karantuwa, sai ya hau zargin mai shago cewa jabu ya sayar masa. Alhali kan ɗorawar nan, wanda shi kaɗai ke ɗaukar hoto, don talabijin mai ƙeya na da aka yi shi, kuma layuka 576 ne iyakar abin da yake iya kaiwa. Na yanzu kuwa akwai mai layuka 1080, akwai mai 2160, wato wanda ake ce wa 4K. Idan ka ba shi ƙaramin hoto dole ya miƙe shi har ya cika fuskarsa, to wannan miƙewar ce kake gani kamar hazo.

Maganin abin shi ne wayar HDMI. Kamfanoni bakwai ne, cikinsu har da Sony da Panasonic da Philips da Toshiba da Hitachi, suka haɗu suka fitar da tsarinta a ƙarshen 2002. Waya ɗaya ce take ɗaukar hoto da sauti gaba ɗaya, kuma a matsayin lambobi take kai su, shi ya sa ba sa dusashewa a hanya.

Leƙa bayan kayanka kafin ka je kasuwa

Kunna fitilar wayar hannunka ka leƙa bayan talabijin da gefensa. Kafar HDMI ta ɗan fi ta USB faɗi, kuma kusurwoyinta biyu a yanke suke, don haka fuska ɗaya ce kawai kan waya ke iya shiga ta nan. Ƙirga guda nawa ne, ka karanta abin da aka rubuta kusa da kowace. Za ka ga HDMI 1, HDMI 2, wani lokaci har 3 ko 4. Wata an ƙara mata ARC ko eARC, wato kafar haɗa sifikar waje, wata an rubuta 4K 120Hz. Ɗauki hoton wurin da wayarka, domin da zarar talabijin ya koma jikin bango ba za ka sake ganin rubutun ba.

Sai ka duba ita ma na'urar da za ka haɗa. A bayan dikoda, ko ta DStv ce, ko StarTimes, ko Canal+ da ta fi yawa a Nijar, ko risibar Strong ta tashoshin kyauta, abin da kake nema shi ne HDMI OUT. Hoto daga OUT yake fitowa ya shiga IN. Kafofin talabijin duk na shiga ne, ta kwamfutar tafi-da-gidanka kuma ta fita ce kawai. Saboda haka wanda ya haɗa dikoda da laftof yana son ya kalli ƙwallo a fuskarta, ya haɗa fita da fita ne, zai daɗe yana jira.

Kyamarori da wasu ƙananan kwamfutocin hannu suna zuwa da ƙaramar kafa, Mini ko Micro. In irin su za ka haɗa, tafi da na'urar zuwa shago a gwada kan a gabanka, don kawunan biyu suna rikita mutane.

Auna tazarar da ke tsakanin na'urorin da igiya, ta hanyar da wayar za ta bi, ba kai tsaye ta iska ba, ka ƙara rabin mita. Idan talabijin ya manne da bango kuma kafofinsa baya suke kallo, nemi ɗan kai mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu. Ba shi da tsada, kuma shi ne zai hana bango danne wuyan waya.

A shago

Mai shago zai ɗauko maka wata mai kauri, an naɗe ta da zare mai sheƙi, kanta ruwan zinari, ya ce wannan ita ce "orijina", hotonta ya fi fita. Kada wannan ya ɗauke maka hankali. Tunda lambobi take ɗauka, waya mai lafiya ta arha da mai lafiya ta tsada hoto ɗaya suke bayarwa. Ruwan zinarin tsatsa yake hanawa, ba ya ƙara wa launi komai. Waya mara kyau ba ta sa hoto ya yi dishi-dishi, alamunta daban ne: fararen ɗige-ɗige masu ƙyalli, ko hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko ya ƙi zuwa sam.

Abin dubawa shi ne ajin da aka rubuta a kwali. Mai High Speed tana ɗaukar 1080 ba wata matsala, kuma ita ta ishi dikoda, tunda yawancin tashoshin tauraron ɗan Adam ba sa wuce haka. Mai Premium High Speed tana kai gigabit 18 a daƙiƙa, ita ce ta 4K mai hotuna 60 a daƙiƙa, irin wanda tsarin HDMI 2.0 na 2013 ya zo da shi. Mai Ultra High Speed tana kai gigabit 48, ta tsarin 2.1 ce da ya fito a 2017, kuma yawanci mai buƙatarta shi ne mai na'urar gem irin PlayStation 5 ko Xbox Series X da talabijin mai iya nuna hotuna 120 a daƙiƙa. Su ma na'urorin nan da wayarsu suke zuwa a kwali, in sababbi ne. Azuzuwan biyu na ƙarshe, Premium da Ultra, waɗanda aka tantance da gaske, akwai tambari mai lambar QR a jikin kwalinsu.

Rubutun kwali dai ba rantsuwa ba ce, kowa na iya bugawa. Don haka ka ce a jona maka ita a talabijin ɗin shago. Yayin da hoto ke tafiya, kama wuyan wayar, inda roba ta haɗu da kai, ka ɗan motsa shi sama da ƙasa. In hoto ya ƙyafta ko sau ɗaya, ajiye ta ka ce a ba ka wata. A nan ne wayoyin banza ke fara mutuwa.

Tsawo ma yana da iyaka. Mita ɗaya da rabi zuwa uku shi ne na falo. Daga mita goma zuwa sama waya ta yau da kullum takan fara gazawa, kuma da 4K tun kafin nan ma.

Kashe wuta tukuna

Nan ne zan fi tsayawa, don nan ne ake asara. A ƙa'ida an ƙera HDMI yadda za a iya zarewa a mayar ko da na'urori suna kunne, kuma a inda wayoyin wutar gida suke bisa tsari haka ake yi ba abin da ke faruwa. Amma gidajenmu da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba, wadda masu aikin wuta ke ce wa "at", ko an ja amma ba a binne sandarta yadda ya kamata ba. A irin wannan gida ƙarfen jikin dikoda yakan riƙe 'yar wuta, na talabijin ma ya riƙe tasa, wayar dish kuma ta shigo da wata daga saman kwano. Duk wanda ya taɓa goga bayan hannunsa a ƙarfen bayan dikoda ya ji tana ɗan jansa zir-zir, ya san abin da nake nufi. A cikin duhu har ɗan tartsatsi za ka gani lokacin da kan waya ya kusanci kafa.

A cikin kan HDMI akwai 'yan siraran ƙarafa 19, kuma kai tsaye suke kaiwa ga wani ɗan ƙaramin sashe a allon cikin talabijin da ba ya jure irin wannan. Tartsatsi ɗaya ya isa ya kashe kafar, wani lokaci ya kashe dukansu, tunda sau da yawa sashe ɗaya ne ke kula da su. Talabijin yana kamawa, rimot yana aiki, amma duk abin da ka jona sai ya ce No Signal.

Saboda haka kashewa da rimot bai wadatar ba. Kashe makunnin soket, ka zare filogin talabijin da na dikoda. In kana jin jan wutar nan, kwance wayar dish ma daga bayan dikoda. Sannan ka kama kan HDMI, ba jelar waya ba, ka daidaita yankakkun kusurwoyinsa da na kafa, ka tura a hankali har ya zauna. Ba ya buƙatar ƙarfi. In ya ƙi shiga, a kife yake, juya shi. Wanda ya danna da tsiya zai karya ɗan harshen robar da ke tsakiyar kafar, shi ke nan sai mai gyara.

Talabijin da ya sha ƙurar hunturu a buɗe, hura kafar ko ka share ta da busasshen buroshi mai laushi kafin ka jona. Kada ka zura allura ko tsinken ƙarfe.

Ka gama jona kawunan biyu, sai ka mayar da wayar dish, ka mayar da filogi. Fara kunna talabijin, ka bar shi ya gama tashi, sannan ka kunna dikoda.

Akwai dalilin wannan jeri. Na'urorin biyu sai sun gaisa kafin a fara ciniki, kamar baƙo da mai rumfa. Dikoda za ta tambayi talabijin girman hoton da yake iya nunawa da irin sautin da yake ganewa, ya ba ta amsa, sannan su tabbatar wa juna cewa ba na'urar kwafar fim ba ce a tsakaninsu, ta wani tsarin kariya mai suna HDCP da kamfanin Intel ya ƙirƙiro. In dikoda ta yi sallama talabijin bai farka ba, takan yi shiru ko ta aiko da abin da ba zai iya nunawa ba.

Faɗa wa talabijin inda zai duba

Da yawa daga cikin waɗanda ke cewa waya ba ta aiki, wannan matakin suka tsallake. Talabijin ba ya sanin wace kafa kake so sai ka faɗa masa. Ɗauki rimot ɗin talabijin, ba na dikoda ba, ka nemi maɓallin Source ko Input. A wasu ba rubutu, zanen akwati ne da kibiya tana shiga cikinsa. Danna shi, jeri zai fito, ka zaɓi lambar kafar da ka jona. Ka jona a HDMI 2, to HDMI 2 za ka zaɓa. Jira kamar daƙiƙa biyar.

In talabijin ya ba da damar sa wa kafofi suna, yi haka: wannan Dikoda, wancan Gem. Mutanen gida za su daina kiranka a waya kana wurin aiki.

Gyara hoto

Hoto ya fito, amma aiki bai ƙare ba. Dikodar da ta daɗe a kan waya mai kawuna uku takan ci gaba da fitar da 576 ko da an sa mata HDMI. Shiga saitin dikoda, nemi inda aka rubuta Display ko Video Output ko Resolution, ka mayar da shi 1080i ko 1080p, ko Auto in akwai. Inda aka ba ka zaɓi tsakanin 50Hz da 60Hz, ɗauki 50 don tashoshinmu, da shi ake watsa shirye-shirye a wannan yanki, kuma ƙwallo ta fi tafiya sumul. Siffar hoto kuma ka sa 16:9, in ba haka ba mutane za su fito gajeru masu faɗi.

In ka ga gefen hoto ya yanke, rubutun labarai da ke gudu a ƙasa ya nutse rabi, ko sakamakon wasa a saman kusurwa ya ɓace, talabijin ne yake zuƙo hoton. A saitin girman hoto, LG suna kiran gyaran Just Scan, Samsung kuma Fit to Screen, Sony Full Pixel. Kunna shi.

Mai na'urar 4K yana da ƙarin mataki ɗaya da kusan kowa ke mantawa. Talabijin da yawa suna fitowa daga kamfani da kafofinsu a kan tsohon tsari don kada tsofaffin na'urori su rikice, sai ka buɗe da kanka. Samsung sun sa masa Input Signal Plus, LG HDMI Ultra HD Deep Colour, Sony da Hisense kuma Enhanced. Kafa-kafa ake buɗewa, don haka buɗe wadda na'urar 4K take kai kawai, ka bar ta tsohuwar dikoda yadda take. Masu buga gem su kunna Game Mode, yana rage jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa.

Sauti

Hoto garau amma shiru, ko wani ƙara mai kama da tsaki? Yawanci dikoda ce ke aiko da sautin Dolby wanda talabijin ba ya ganewa. A saitin sautinta mayar da shi PCM ko Stereo.

Mai babbar sifika ko na'urar sauti ta falo, ga amfanin kafar nan mai ARC. Tun tsarin 1.4 na 2009 aka ba ta ikon mayar da sauti baya, daga talabijin zuwa sifika. Haɗa ARC ta talabijin da ARC ta sifika, dikoda da gem su shiga sauran kafofin, a saitin sautin talabijin ka zaɓi sifikar waje. Kusan kullum sai ka kunna CEC kafin ARC ta yi aiki, wato tsarin da ke ba na'urori damar ba juna umarni ta cikin wayar. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony, EasyLink a Philips. Daɗinsa rimot ɗaya ya ƙara sauti ya rage. Haushinsa kuma, yaro na kunna gem a ɗaya kafar sai talabijin ya tsallaka can da kansa ana tsakiyar labarai.

Kwamfuta da wayar hannu

A laftof mai Windows, bayan ka jona ka zaɓi kafa, danna maɓallin Windows tare da harafin P. Duplicate zai nuna abu ɗaya a fuskokin biyu, shi ne na koyarwa da taro. Extend zai mayar da talabijin ƙarin fili, ka ja fim can kana aikinka a nan. In sauti ya ci gaba da fita daga laftof, danna alamar sifika a ƙasan dama ka zaɓi sunan talabijin. Tsohuwar kwamfuta mai kafar VGA, shuɗiyar nan mai sukurori biyu, sai da ɗan akwatin juyi daga VGA zuwa HDMI, kuma ka nemi mai jelar sauti, don VGA hoto kaɗai take ɗauka.

Wayar hannu ce mai rikici. Ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto ba, sai wadda aka gina mata tsarin DisplayPort a ciki. Manyan wayoyin Samsung na jerin Galaxy S suna yi, iPhone 15 ma tana yi, tsofaffin iPhone masu kafar Lightning kuma sai da adaftarsu ta musamman. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da suka cika hannun jama'a caji da tura fayil kawai kafarsu ke yi, ko wace adafta ka saya. Gwada a shago kafin ka biya. In ba ta yi ba, mafita ita ce 'yan sandunan nan irin Chromecast ko Fire TV da ake cusawa a kafar HDMI, ka tura musu hoto ta Wi-Fi. Su kuma sai an ba su wutarsu daban ta USB, wutar da ke cikin HDMI ba ta isa ta riƙe su ba.

Idan ya ƙi

Kada ka canja abu biyu a lokaci guda, ba za ka gane mai laifin ba. Fara da Source, ka tabbata lambar ta dace. Sai ka kashe komai daga bango, ka jira minti ɗaya, ka kunna talabijin sannan na'ura. Wannan kaɗai yakan warware matsalar da ke biyo bayan ɗauke wuta ko sauyawa zuwa inji, lokacin da komai ya tashi tare a hargitse. Bai yi ba, koma wata kafar. Bai yi ba, aro wayar maƙwabci da ka san tana aiki. Har yanzu shiru, ɗauki dikodar ka gwada a wani talabijin. Zuwa nan ka san ko waya ce, ko kafa, ko na'ura.

In talabijin ya rubuta Mode Not Supported ko Invalid Format, waya lafiyarta ƙalau, hoton da ake aiko masa ne ya fi ƙarfinsa. Haka kan faru in an ɗauko na'ura daga babban talabijin aka kawo ta kan ƙarami. Ga dikoda, jona ta da waya mai kawuna uku na ɗan lokaci, ka shiga saiti ka sauke zuwa 720p, sannan ka koma HDMI. Ga PlayStation 4 ko 5, kashe ta gaba ɗaya, ka danne maɓallin kunnawa har ka ji ƙara na biyu, kamar daƙiƙa bakwai, ka jona hannun gem da wayar USB, a jerin da ya fito ka zaɓi canja girman hoto.

Kafa ɗaya, na'urori da yawa, ko akasin haka

Akwatuna biyu ne masu kama da juna, kuma ana yawan sayen wannan a maimakon wancan. Switch na'urori da yawa yake tarawa zuwa talabijin ɗaya, na wanda kafofinsa suka ƙare. Splitter hoto ɗaya yake rabawa zuwa talabijin da yawa, shi ne na gidan kallon ƙwallo da masallacin da ke nuna tafsiri a harabar waje. Sayi mai filogin wutarsa. Ka kuma sani in talabijin ɗaya a cikinsu ƙarami ne, splitter yakan saukar da hoton kowa zuwa abin da ƙaramin zai iya ɗauka. Inda nisa ya wuce mita goma sha biyar, ko dai ka sa akwatunan da ke tura hoto ta wayar intanet ta Cat6, waɗanda kan kai wajen mita hamsin, ko wayar HDMI mai zaren gilashi. Ita wannan tana da gaba da baya: kan da aka rubuta Source na dikoda ne, mai Display na talabijin, in ka juya ba abin da zai fito.

Akwatin juyi tsakanin HDMI da waya mai kawuna uku shi ma hanya ɗaya yake bi. Sabuwar dikoda zuwa talabijin mai ƙeya, HDMI to AV za ka nema. Tsohuwar na'urar bidiyo ko DVD zuwa sabon talabijin mara kafofin launi, AV to HDMI. Karanta jikin akwatin da kyau, ka kuma jona masa wayar USB ɗinsa ta wuta.

Da damina kuma, in hadari ya haɗo an fara walƙiya, kashe soket kaɗai ba ya tsare kaya. Tsawa takan biyo wayar dish ta shiga dikoda, daga nan ta bi HDMI ta isa talabijin, kuma sitabilaiza ba ta kan wannan hanyar balle ta tare. Zare filogi, kwance wayar dish, ka zare HDMI daga bayan dikoda har ruwa ya wuce. In kuwa ta riga ta afku, kafa ɗaya ta mutu sauran suna aiki, koma wata ka sa switch. In duk sun mutu, kafin ka yarda a canja allon cikin talabijin gaba ɗaya, tambayi mai gyara ko zai iya canja sashen HDMI ɗin kaɗai, sannan ka kira mai aikin wuta ya duba wayar ƙasan gidan kafin ka sake jona komai.